Tsinken Iya

Mai abu ya karɓi abinsa ranar da ake cin kasuwar Cadawa, da hantsi. Daga wurinsa muka zo, can kuma za mu koma. Uwar mijina ce. Iya muke ce mata, haka kuma duk garin ke kiranta, har tsofaffin da suka kusa sa'arta.

Kafin azahar gidan ya cika. Waɗanda suka kama hanyar kasuwa suka juyo da amalankensu, wasu ko buhunan gero ba su sauke ba. Wata mata ta shigo hannu bisa kai tana cewa, "Wayyo uwar gari! Wa zai duba mana ƴaƴa yanzu?" Wata ta jawo ɗanta, saurayi har da gemu, tana nuna wa mutane shi. "Kun ga wannan? Da an bar ni da shi da tuni an manta kabarinsa." Daga zaure na ji wani dattijo yana cewa, "Mace ce mai wuyar sha'ani, amma ba ta taɓa yin ƙarya ba." Maza suka amsa, "Haka ne, haka ne."

A gindin rumbu akwai wasu mata da suka zauna daban. Sun yi gaisuwa yadda ake yi, sun ce ya haƙuri, sun ja carbi. Ba su yi kuka ba, ba su kuma tashi ba. Na san su, sun san ni. Mu ne waɗanda kiyashinmu ya mutu a hannun Iya. Zan faɗi abin da wannan ke nufi.

Da aka gama shirya ta, maigidana ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Liman ya ce duk wadda Iya ta saɓa wa, ta yafe mata." Gidan ya ɗauka baki ɗaya, "Mun yafe, Allah ya yafe mana." Ni ma bakina ya motsa. Ban san ko sauti ya fita ba.

Na yi lakol, wato makarantar boko, a Gazawa har aji shida, daga nan aka yi mini aure, ba ni da gwanintar rubutu. Amma jikoki na tasowa, ba na so a manta da ita, ba na kuma so a tuna rabinta kawai.

Gajera ce, baƙa, mai faɗin tafin ƙafa. Ba ta doguwar gaisuwa. In ka ce mata ina kwana, sai ta ce, "Lafiya. Me ya kawo ka?" Kullum akwai tsinke a bakinta, tsinken tsintsiya, tana juya shi daga wannan gefe zuwa wancan. Har bayan haƙoranta sun zube ba ta daina ba. Jikoki kan tsokane ta su ce, "Tsohuwa, me kike sakacewa, dasashi?" Ta ce, "Ubanninku nake sakacewa."

Ta haihu da yawa, mijina kaɗai ya tsaya. Sauran duk a goye suka tafi. Ba ta taɓa ba ni labarinsu ba. Abin da na sani shi ne, ina amarya, na kwashi toka zan zubar a bayan ɗakinta, sai ta riƙe mini hannu ta ce, "Ba nan ba. Akwai mutane." Na duba, ban ga komai ba sai ƙasa da wasu ƴan duwatsu a jere. Sai daga baya na gane.

Tana da tambaya guda wadda take kashe kowace magana da ita. Mace ta zo ta ce, "Iya, baurin nan da kika ba yaro ya yi ɗaci, wuni ya yi yana kuka." Sai Iya ta ce, "Yana raye ko ba ya raye?" "Yana raye, Iya." "To tashi ki ba ni wuri." Miji ya zo yana ƙorafin ta zagi matarsa a wurin haihuwa, tambayar ke nan. Ba ta ba da haƙuri, ba ta kuma jiran godiya. In an kawo mata goro ta karɓa ta jefa a baki ba tare da ta dubi mai bayarwa ba.

Ita ce ungozomar gari, amma abin da aka fi saninta da shi gwajin nono ne. A wurinmu in mai jego ta yi ciwo, ko yaro ya ƙi ƙiba, ana tsoron ƙaiƙai, wato nono ya ɓaci ya zama cuta ga mai shansa. Sai a kira Iya. Mace ta tatsa a ludayi, mata na kewaye suna kallo. Iya ta kamo kiyashi a gindin bango ta jefa ciki. In ya fita da ransa, nono lafiya lau. In ya mutu, an gama, yaro ba ya ƙara kusantar ƙirjin uwarsa. Na ga gwajin nan sau da yawa tun ina amarya. Iya takan zare tsinken bakinta ta ɗan juya nonon da shi tana bisimilla, kiyashi ya fito yana gudu, mata su yi guɗa. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni ce zan durƙusa a tsakiyar ba.

Uwata ta rasu tun ina ƙarama, gidanmu na Gazawa kuma ba tsohuwa, don haka a gidan miji na yi haihuwar fari. Namiji. Iya ta yanke cibi, ta ɗaga shi ta ce, "Ga mijina ya zo." Tun ranar ba ta kira shi da wani suna ba, ni ma da shi nake kiransa, mijin Iya. Don a wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarsa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Kunya ce, ana yabon mace da ita. Lokaci guda ne aka yarda ta riƙe shi ta dubi fuskarsa ba mai yi mata dariya, shi ne in tana ba shi nono.

Bayan suna, ina tsakiyar wankan jego, zazzaɓi ya kama ni. Ya yi zafi har na daina gane mutane. An ce a amalanke aka kai ni likitar Cadawa, daga can aka sa ni mota sai Maraɗi. Iya ta hana a tafi da yaron. Ta ce ɗakin marasa lafiya ba wurin jinjiri ba ne. Na tafi ana noman farko, ban dawo ba sai da gero ya fara fitar da kai. Abin da nake tunawa kaɗan ne, ƙarin ruwa a hannuna, da rigata da ke jiƙewa da nono a farkon kwanakin, daga baya ta daina jiƙewa.

Ranar da za a sallame ni na tambayi madam ɗin da ke kula da masu jego, murya ƙasa-ƙasa don kunya. Ta matsa ƙirjina, ɗigo ya fito. Ta ce, "Bai mutu ba, barci ya yi. Bakin yaro ne ke tashe shi. Ki riƙa ba shi ko da ba ki ji komai na fita ba, ki ci, ki sha, kafin nan a haɗa masa da wani abu. Zai dawo." Da maganar nan na shiga mota. Duk hanya ina maimaita ta kamar karatun allo.

Na iske yaron a bayan Iya. Nonon akuya da ruwan bauri ake ba shi. Da ta kwance shi na ga fatar cinyarsa ta yi yawa, maɗigarsa ta faɗa, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Na kau da kai, ɗan fari ne. Na zauna a bakin ƙofa na miƙa hannu, don wannan kam haƙƙina ne.

Iya ta ce, "Tsaya. Nonon da ya daɗe a jikin mai zazzaɓi ba ya shiga bakin mijina sai an gwada."

Kafin la'asar mata sun taru. Na durƙusa a tsakar gida na buɗe ƙirji. Na matsa har hawaye suka zo mini, abin da ya taru a gindin ludayi bai fi a jiƙa leɓe ba. Wata gwaggon mijina ta leƙa ta ce, "Wannan ko kiyashin ma ba zai ƙoshi ba." Aka yi dariya. Iya ta kamo kiyashi ta jefa. Ya shiga juyawa yana neman gefe. Iya ta ɗora hannuwanta bisa gwiwa, tsinke a baki, ta juya ga maƙwabciyarmu tana ba ta labarin akuyarta da ta shiga gonar wake. Ta yi labarin har ƙarshe. Da ta waiwayo, kiyashin ya daina motsi.

Ta ce, "Ƙaiƙai."

Na ce, "Iya, madam ta ce barci ya yi. Ta ce in yaro ya tsotsa zai dawo."

"Madam ce za ta yi mana zaman makoki?"

Maigidana yana tsaye a bakin zaure. Ya ce, "Iya, ko a ba ta kwana biyu a gani?"

"Kwana biyun a jikin wa za a cire su? A jikinka? Kai kana da tsoka, dubi shi."

Ya sunkuyar da kai ya fita. Ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Iya ta dube ni ta ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Ɗan fari kike yi wa kuka a gaban surukai? Haka ake yi a Gazawa?" Mata suka rufe baki suna dariya. Na haɗiye. Ta aika aka dako ɓawon maɗaci, ta kwaɓa, ta shafe mini ƙirji da hannunta kamar mai yaɓen bango. Ta ce, "Don kada zuciya ta ja ki." Kowace safiya haka take yi, da kanta, ba ta wakilta kowa.

Washegari ta goya yaron ta nufi rugar Fulanin da ke kiwon saniyarta, arewa da gari. Akwai wata Bafillatana a can wadda jinjirinta ya rasu bai daɗe ba, nono na zuba ba mai sha. Iya ce ta karɓi haihuwarta, don haka ta sani. Ta miƙa mata yaron, ta kuma bar musu saniyar, ita kaɗai gare ta. Ta dawo da zane a kafaɗa, ta ɗauki taɓarya ta shiga daka kamar ba abin da ya faru.

Dole in faɗi wannan ma, don gaskiya ne. A watannin nan ba wanda ya kula da ni kamar Iya. Ta yanka kajinta ɗaya bayan ɗaya. Ta dama mini kunun kanwa, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ƙafafuna ba su da ƙarfi, ita ke riƙe ni zuwa bayan gida, tana faɗa. "Ci. Ba don ke ba, don na baya." Da baffannin mijina suka zo da maganar a mai da ni gidanmu, wai mai ƙaiƙai ba ta raya zuri'a, Iya ta fito da muciya a hannu, tuwo na ɗiga. Ta ce, "Yarinyar da ta dawo daga bakin kabari da ƙafarta, ku ne za ku kore ta? Nono ne ya ɓaci, ba ita ba. Wanda ya ƙara maganar nan a gidan nan zai tafi da tuwo a rawani." Ba wanda ya ƙara.

Da na ji ƙarfi, wata rana na ce zan je ruga sayen nono. A hanya na tsaya bakin tabki na wanke ƙirjina da yashi har fata ta yi ja. Bafillatanar na zaune tana kaɗa mai. Doguwa ce, mai sanyin murya, Hausarta tana karkacewa. Ta dubi ƙwaryata, ta dube ni, ta yi murmushi. "Kaɗo, nono kina so? Wanne, na ƙwarya, ko mai shan nono?"

Ta kwance yaron daga bayanta. Na kusa kasa gane shi. Ya yi kumatu, wuyansa ya yi layi-layi. Ta ɗora mini shi a cinya ta ce, "Bari ni duba maruƙa," ta tafi ta ba mu baya.

Na ba shi. Ya kama. Ya ja sau ɗaya, ya ja na biyu, na ji abin har cikin bayana. Sai ya saki. Fuskarsa ta yamutse, ya banƙare, ya tsala ihu yana miƙa hannu wajen da ta bi. Ko sauran ɗacin maɗaci ne, ko don bai samu komai ba, ko ƙamshina ne bai sani ba, har yau ban sani ba. Ta dawo da gudu ta karɓe shi. Yana jin jikinta ya yi shiru. Ta ce, "Yi haƙuri, ƴar uwa. Ni nawa tana ƙasa. Naki ga shi, kina gani." Ta cika mini ƙwarya da nono ta ƙi karɓar komai.

Bayan ƴan kwanaki yaron ya yi zawo, irin na fitar haƙori. Wani ya riga ya gaya wa Iya an gan ni a bakin tabki. Ta dawo daga ruga ta same ni ina tankaɗe, maigida na zaune. Ta ture rariyar da ƙafa.

"Kin je ki kashe shi?"

Sau ɗaya ke nan a zamanmu na mayar mata da magana. Na ce, "Ni na haife shi."

Ta zare tsinken daga bakinta. Ta ce, "Haihuwa? Ni ma na haifa. Ga su can bayan ɗaki. Je ki tambaye su abin da haihuwa ta yi musu."

Ta daina yi mini magana har aka yi girbi, amma kunun bai taɓa yankewa ba. Sai ta ajiye a ƙofata ta buga ƙwaryar da ƙafa ta wuce. Yaron ya warke. Bayan girbi rugar ta tashi ta yi kudu, da shi. Iya kan bi su ta dubo shi, ta dawo ba ta ce mini komai ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Sai in ji tana gaya wa maƙwabciya ta kan danga, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, "Mijina ya fara rarrafe." A haka nake samun labari. Ƙirjina ya bushe. Ta daina kwaɓa maɗaci.

An dawo da shi bayan yaye, yana tafiya da ƙafarsa, an yi masa kitso irin nasu, layu a wuya. Ya tsaya a tsakar gida yana kallonmu. Ya ce, "Kosam." Da Fulatanci madara ke nan. Na ɗebo na miƙa masa, ya ɓuya a bayan Iya. Ita ta karɓa ta ba shi. A ɗakinta ya kwana ranar, a ɗakinta ya girma. Bafillatanar yake kira Inna. In Fulani sun sauka kusa, can yake wuni. Ni kuwa bai taɓa sa mini suna ba. In dole ta kama ya yi mini magana, sai ya ce, "Wai an ce," ya faɗi saƙon yana kallon ƙasa.

Na haifi ƴan mata bayansa. Kowace, Iya ta sa na tatsa a ludayi. Kowane karo ta yi bisimilla ta juya da tsinkenta, kiyashi ya fito, aka yi guɗa. Na shayar da su duka har yaye. Na yi ta gode wa Allah da ya cire mini ƙaiƙai, har sadakar fura na yi.

Ba duk yaran da Iya ta cire daga nono ne suka rayu ba. Wannan ma dole in faɗa. Ba kullum ake samun Bafillatana mai nono na zuba ba. Wasu a nonon akuya suka ƙare. Cikin matan gindin rumbu akwai wadda aka saka saboda kalmar nan guda ta Iya, akwai wadda ta binne ɗa kuma har yau tana cewa nononta ne ya kusa kashe shi tun farko. In an kai wa Iya labarin irin wannan rasuwa, takan shiga ɗaki ta ja asabari, ranar ba ta cin abinci.

Ciwon ajalinta ya ja lokaci. Ƙafafu suka fara tafiya, sannan ciki ya ƙi karɓar komai sai madara. Ni na yi jinyarta. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta. Ba ta daina faɗa ba. "Ƴar Gazawa, hannunki ko itace? A hankali." Wata rana da la'asar na fito da ita ƙarƙashin rumfa ta sha iska, na kawo mata madara a ƙoƙo na ajiye don ta huce. Kiyashi ya faɗa ciki. Na kai yatsa zan cire, ta ce, "Bari." Ta zare tsinken bakinta ta tsoma. Kiyashin ya kama ya hau, ta kakkaɓe shi a ƙasa. Ta yi ƴar dariya.

Ta ce, "Duk haka suke. In an miƙa masa ya fito, in an ƙyale shi ya mutu. Ko a nonon wa."

Na daɗe ina kallon ƙoƙon. Na tuna guɗar da aka yi wa ƴan matana. Na tuna hannuwanta bisa gwiwa, da labarin akuya da gonar wake.

Na ce, "Har nawa, Iya?"

"Naki lafiyarsa lau. Kaɗan ne kawai."

"To me ya sa?"

"Da na ce kaɗan ne, da an ce a jira. Sha kunu a jira. Karɓo rubutu a jira. Ni na san jira, shi ya cika mini bayan ɗaki. Mugun nono kuwa ba mai jiransa. Ranar ake neman wani nonon."

"Madam ta ce zai dawo."

"Wataƙila da ya dawo." Ta mai da tsinken bakinta. "Ni ba na ba mijina wataƙila ya sha."

Ta juyo da idanunta da suka yi fari-fari ta dube ni. Ba nadama a fuskarta, ba kuma mugunta. Ta ce, "Yana raye ko ba ya raye?"

Ban amsa ba.

Ta ce, "To ba ni madarata."

Na tallafi kanta na ba ta. Ta shanye. Ba mu ƙara tayar da maganar ba har ta cika.

Shi mijin Iya, ɗan nawa, yana aikin gyaran mota a Gidan Rumji, yana da mata da ƴaƴa. An kira shi a salula, amma bai samu jana'iza ba, don sai da ya biya ta ruga ya ɗauko Innarsa a bayan babur. Ta tsufa, ta ranƙwafa. Ya riƙe hannunta ya shigo da ita har tabarma, ya zauna a gabanta, ya kifa kansa a gwiwarta yana kuka kamar yaro, tana shafa masa kai tana magana da Fulatanci. Da ya natsu ya taso ya durƙusa nesa da ni, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Ya haƙuri?" Na kau da kai yadda ake yi na ce, "Da godiya." Ya tashi ya koma wurinta. Na ji wata tsohuwa tana ce wa ta kusa da ita, "Kin ga kunya irin ta da? Uwa da ɗa kamar ba su san juna ba. Yanzu ina ake samun wannan?"

Ranar sadakar uku, wadda ta binne ɗanta ta matso kusa da ni a gindin rumbu ta ce, "Ke ce a kanta. Ta ce wani abu kafin ta cika?" Na dubi fuskarta na kasa gaya mata gaskiya. Na ce, "Ta ce a ba ta madara." Amma tun ba a share makoki ba an fara tambayar wa zai gaji ludayin, har wasu na kallona. Shi ya sa na zauna na rubuta. Matar nan ba ta karatu, ƴarta tana yi. Na san zai isa gare ta, na san kuma ba sauƙi zai kawo mata ba. Nononta lafiyarsa lau. Namu duka lafiyarsa lau. Ludayin yana ɗakina, miya nake kwasa da shi. Duk mai jegon da ciwo ya rage wa nono, ta ba ɗanta ya tsotsa, ta je likita a duba su tare, kada ta durƙusa wa kiyashi.

Ranar da Iya ta cika, ni na yi mata wanka, ni da maƙwabciyarmu. Da muka zo juya ta, na iske tsinken a cikin tafin hannunta, ta damƙe shi. Sai da na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Iya, kin tambaye ni ban amsa ba. Yana raye. Ya fi ubansa tsawo, ɗansa na fari ya shiga lakol bana. Bai san ɗumin jikina ba, ba kuma zai sani ba. Ban san ko da ya rayu a hannuna ba, ke ma ba ki sani ba, kika zaɓa mana mu duka. Liman ya ce a yafe, na motsa baki, zuciya tana tafe a baya, ba ta iso ba tukuna. Abin da na iya yau shi ne addu'a. Allah ya jiƙanki, ya haɗa ki da mutanen bayan ɗaki. Inda kike kwance yanzu ba gefen kamawa. Allah kada ya ɗora hannu bisa gwiwa ya ƙyale ki. Allah ya miƙa miki tsinke.